Babi na Huɗu: Sifikar Tsakiya, Mai Ɗauke da Magana

Me ya sa idan ana kallon fim a gida ƙarar bindiga da kiɗa sukan cika falo har maƙwabta su ji, amma da zarar 'yan wasa sun fara magana sai kowa ya kasa kunne yana tambayar na kusa da shi, "Me ya ce?" Duk wanda ya taɓa haɗa kayan sauti a gidansa ya san wannan fama. Rimot ba ya barin hannu. A ƙaro murya lokacin hira, a yi wuf a rage idan mota ta yi bindiga, kada a tashi jariri. Wani ya ɗora wa talabijin laifi, wani ya fara zargin kunnensa, wani kuwa ya koma kasuwa ya ƙaro ƙatuwar sabwufa, wato sifikar rugugi, ya ƙara dagula al'amarin da kuɗinsa. A gidaje da yawa matsalar tana wurin akwati guda ɗaya, wanda aka fi rainawa a cikin kayan gaba ɗaya: 'yar doguwar sifikar nan da ake kwantarwa a ƙarƙashin talabijin.

Aikin da aka ɗora mata

A tsarin da ake kira 5.1, sautin fim yana zuwa ne a layuka shida, kowanne da abin da yake ɗauke da shi. Uku suna gaba, wato hagu da tsakiya da dama. Biyu suna gefe zuwa baya. Na shida, wanda aka rubuta da ɗigo ɗaya, na rugugi ne kawai, irin na tsawa da fashewar bam. Masu haɗa sautin fim sukan zuba kusan dukkan maganar 'yan wasa a layin tsakiya. Ba magana kaɗai ba, har da takun ƙafa, buɗe ƙofa, ajiye kofi a tebur, da wani kaso na kiɗa. Duk abin da ido ke gani a tsakiyar allo, daga can ake son kunne ya ji shi. Ka cire wayar sifikar tsakiya ana cikin fim ka gani: baki zai ci gaba da motsi, kiɗa na tashi, amma labari ya tafi.

Wannan tsari ba jiya aka fara shi ba. A 1931 wani injiniyan kamfanin EMI a Ingila, Alan Blumlein, ya nemi rajistar fasahar sitiriyo, kuma abin da ya dame shi tun farko shi ne yadda a sinima ɗan wasa yake gefe guda na allo, muryarsa kuma tana fitowa daga wani gefen. A 1933 injiniyoyin Bell a Amurka suka aika kiɗan ƙungiyar makaɗan Filadelfiya ta wayar tarho zuwa wani babban zaure a Washinton, kuma layuka uku suka yi amfani da su, hagu da tsakiya da dama. Fim ɗin Fantasia na kamfanin Disney ya bi wannan sawu a 1940. Da aka faɗaɗa allon sinima a 1953 da fim ɗin The Robe, sifikar tsakiya ta zama dole, domin allon ya yi faɗin da sifika biyu ba za su iya riƙe murya a tsakiyarsa ba. Har yau a gidan sinima tana bayan allo, kuma allon yana da ƙananan huji da sauti ke ratsawa. Gidajen mutane kuwa sai a 1987 ta shigo su sosai, ta hanyar Dolby Pro Logic, kafin Dolby Digital ya zo da layuka shida rarrabe a fim ɗin Batman Returns na 1992.

In sifika biyu na iya aikin, ta ukun ta mece ce?

Tambaya ce mai kyau, kuma mai shago ba zai so ka yi ta ba. Idan sifikar hagu da ta dama suka fitar da murya ɗaya da ƙarfi ɗaya, kai kuma kana zaune daidai tsakaninsu, ƙwaƙwalwarka za ta ji muryar tana fitowa daga tsakiya, inda babu komai sai iska. Wannan ba tsafi ba ne, haka kunnuwa biyu suke aiki. Matsalar ita ce wurin da wannan dabara take aiki bai fi faɗin kujera ɗaya ba.

Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa ɗaya, wato kimanin santimita 34 a kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Kunne kuwa yana bin sautin da ya riga isowa, shi yake ɗauka a matsayin asalin inda abin ya fito. Wani Bajamushe mai suna Helmut Haas ya yi bincike a kan haka, har ake kiran abin da sunansa. A ce tazarar sifikunka biyu mita biyu da rabi ce, kai kuma kana mita uku daga talabijin. Idan ka gusa hagu da rabin mita kawai, sifikar hagu ta fi ta dama kusa da kai da kusan santimita 38. Wannan ɗan bambanci ya isa ya janye muryar daga tsakiyar allo ya kai ta jikin sifikar hagu.

To, a gidan Bahaushe wa yake kallo shi kaɗai? Maigida na kan doguwar kujera, uwargida na kujerar gefe, yara sun baje a kan kafet, ga baƙo an ba shi wuri kusa da ƙofa. Mutum ɗaya ne cikinsu yake tsakiya. Sifikar tsakiya ta sauran mutanen ce. Ita ke kafe murya a jikin allo ko ina mutum ya zauna. Amfaninta na biyu shi ne, tun da magana ta samu layinta daban, kana iya ƙara ta ita kaɗai ba tare da ka ƙara bindiga da kiɗa ba.

Daga nan za ka gane wanda bai kamata ya saye ta ba. Gwauron da yake kallo shi kaɗai a ɗakinsa, a gaban allo sosai, ya zuba kuɗinsa a kyawawan sifiku biyu. Ya shiga saitin amfilifaya ya nuna mata babu ta tsakiya, ita za ta raba maganar ga hagu da dama. A ganina sifika biyu masu kyau sun fi uku da ta tsakiyarsu ta zama rarrauna, domin rarraunar ce za a miƙa wa abin da ya fi komai muhimmanci a fim.

Sai kuma a duba abin da ake kallo. Yawancin finafinan Kannywood da ake gani a YouTube, da finafinan Indiya masu fassarar Hausa, sautinsu na layi biyu ne. Amfilifayar sinima ta gaske tana da dabarar tsamo abin da hagu da dama suka yi tarayya a kai, wanda yawanci magana ce, ta tura shi tsakiya. Wannan shi ne aikin Dolby Pro Logic II a tsofaffin na'urori, da Dolby Surround ko DTS Neural:X a sababbi. Amma akwai kayan sauti masu araha da ake sayarwa da ƙananan sifiku biyar a kwali ɗaya, waɗanda ba sa karɓar sauti sai ta Bluetooth ko ta wayar nan mai kai ja da fari. Da yawansu sauti ɗaya suke watsa wa dukkan sifikun. A irin wannan kaya, akwatin da aka ajiye a tsakiya suna kawai ya tara, kuma sauya shi da mai tsada ba zai gyara komai ba.

Muryarta ta dace da ta 'yan'uwanta

Kowace sifika tana da launin muryarta. Wata tana da kaifi, wata tana da taushi, wata kamar mai magana ta hanci. Idan mota ta ratsa allo daga hagu zuwa dama, ƙararta za ta fara a sifikar hagu, ta bi ta tsakiya, ta ƙare a dama. In ta tsakiyar ba jinsinsu ɗaya ba, sai motar ta sauya murya a tsakiyar hanya sannan ta koma yadda take. Duk wanda ya taɓa ɗinka riga da wando da shadda daga bandir biyu daban ya san abin. A cikin shago launinsu ɗaya, sai an fita rana ranar Sallah bambancin yake tona kansa.

Saboda haka ƙa'ida ta farko mai sauƙi ce: ka sayi ta tsakiya daga kamfanin da ya yi sifikunka na hagu da dama, kuma daga jeri ɗaya. Kamfani ɗaya bai wadatar ba, domin kamfani guda yakan yi jeri huɗu ko biyar, kowanne da irin tiwitarsa, wato ƙaramin bakin nan mai fitar da siririn sauti. Tiwita ce ta fi tasiri a launin murya, don haka ita za ka fara dubawa ko iri ɗaya ce. Abin da ya fi duka kyau, in wuri ya ba da dama, shi ne sifiku uku iri ɗaya sak, dukkansu a tsaye. Haka ake yi a ɗakunan da ake haɗa sautin finafinai. Sifikun baya suna da sassauci, ko ba jerinsu ɗaya ba kunne yakan yafe. Na gaba uku ne ba a yi musu aure da bare.

Kwanciyar da ke jawo matsala

Me ya sa sifikar tsakiya take kwance alhali sauran suna tsaye? Ba don sauti ba ne. Don ta samu shiga ƙarƙashin talabijin ne kawai. Kuma wannan kwanciya ita ce tushen wata matsala da mutane kaɗan suka sani.

Dubi siffar da aka fi sayarwa: wufa, wato babban bakin da ke fitar da sauti mai kauri, ɗaya a hagu ɗaya a dama, tiwita a tsakaninsu, duk a jere. Wufofin nan biyu sauti ɗaya suke fitarwa a lokaci ɗaya. Wanda yake zaune daidai gabansu, nisansa da kowacce ɗaya ne, sautin biyu su iso tare su ƙarfafa juna. Wanda yake gefe kuwa, wufa ɗaya ta fi ɗaya kusa da shi. Sauti turawa ce da ja na iska, ɗaya bayan ɗaya. Idan turawar wufa ta kusa ta iso kunne a daidai lokacin da jan wufa ta nesa ya iso, sai su kashe juna.

Bari mu sa lissafi. Sauti mai kaɗawa 1,000 a daƙiƙa, wanda ake rubutawa 1,000 Hz, tsawon zangonsa kimanin santimita 34 ne, rabinsa 17. A ce tazarar tsakiyar wufa ɗaya zuwa tsakiyar ɗayar santimita 34 ce, wanda ba baƙon abu ba ne a manyan sifikun tsakiya. Mutumin da ya kauce daga gabanta da digiri 30, bambancin nisansa da wufofin biyu zai zama santimita 17 cif. A kujerarsa, sautin da ke kewayen 1,000 Hz zai yi rauni ƙwarai. A falon da ake zama mita uku daga talabijin, digiri 30 bai wuce gusawar mita ɗaya da 'yan kai zuwa biyu ba, wato daidai kujerar gefe. Wannan yanki na sauti kuwa a tsakiyar muryar ɗan Adam yake. Ka ga abin dariya: an sayi sifika don na gefe su ji magana, kuma siffarta ta sa na gefen ne suke jin ta a dushe.

Shi wannan jeri na wufa biyu da tiwita a tsakiya ba mummuna ba ne a asalinsa. Injiniya Joseph D'Appolito, wanda ake danganta shi da shi, a tsaye ya tsara shi. A tsaye, wuraren da sauti ke mutuwa suna fuskantar silin da daɓe, inda babu mai zama. Da aka kwantar da shi sai suka juyo kan kujeru.

Masu ƙera sifika sun san da wannan, kuma suna da magani iri biyu. Na farko shi ne sifika mai kashi uku: a tsakiya a ɗora tiwita a saman wani matsakaicin baki, ɗaya bisa ɗaya, su biyun su ɗauki yawancin murya, wufofin gefe kuma a bar musu kauri kawai, inda zangon sauti yake da tsawon da wannan 'yar tazara ba ta dame shi. Na biyu shi ne a dasa tiwita a cikin cibiyar matsakaicin bakin, duk sautin ya fito daga wuri guda. Kamfanin Tannoy ya daɗe yana yin haka tun shekarun 1940, KEF kuma ya fito da nasa mai suna Uni-Q a 1988. In falonka mai faɗi ne, kujeru sun kewaye bango kamar yadda muka saba jerawa, to ɗaya daga cikin waɗannan biyun za ka nema, ko da za ka rage kuɗin sifikun baya. In kuwa kuɗin bai kai ba, ka zaɓi wadda wufofinta ƙanana ne kuma sun matso kusa da juna. Ko kuma ka ɗauki sifika ɗaya irin ta hagu da dama, in ƙarama ce, ka tsayar da ita a ƙarƙashin allon.

Lambobin jikin kwali

Lambar da aka fi rubutawa da manyan baƙaƙe ita ce mafi ƙarancin amfani. In ka ga wat dubu biyar da haruffan PMPO a gefe, ka wuce. Juya bayan na'urar ka duba wutar da take ja daga soket. Abin da yake jan wat ɗari ba zai fitar da dubu biyar ba.

Lambobi uku ne suka cancanci kallo. Ta farko ita ce yawan ƙarar da sifika ke bayarwa da wuta kaɗan, ana rubuta ta da desibel, yawanci tsakanin 84 da 92. Kowane ƙarin desibel 3 daidai yake da ninka wutar amfilifaya sau biyu. Sifika mai 85 tana bukatar wutar da ta ninka ta mai 91 sau huɗu kafin su yi ƙara ɗaya. A falon da fanka ke juyawa, janareta na ruri a waje, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. Ta biyu ita ce om, wadda ke nuna yadda sifika ke jan wuta daga amfilifaya. Yawancin amfilifayoyin gida sun fi sakewa da sifika mai om 6 ko 8. Mai om 4 tana jan wuta da yawa, kuma a zafin watan Afrilu ƙaramar amfilifaya tana iya ɗaukar zafi ta kashe kanta ana tsakiyar kallo. Ta uku ita ce iyakar kaurin da take iya saukowa. Muryar namiji baligi tana farawa daga wajen 85 Hz. Sifikar da ba ta sauka ƙasa da 150 ba, za ta mai da muryar ƙato ta koma siririya kamar ta cikin waya. Nemi wadda take kaiwa 80 ko ƙasa da haka. Wufa mai inci huɗu zuwa biyar da kwata takan isa ɗaki matsakaici.

Amma kada kauri ya ruɗe ka. Abin da ke sa a gane magana yana sama, tsakanin 2,000 da 4,000 Hz, inda baƙaƙe irin su sa da ta da ka da tsa suke rarrabewa. Sifika mai yawan gurnani takan burge a shago, ta zo gida ta binne waɗannan baƙaƙen.

Inda za a ajiye ta

Sifika mai kyau da aka ajiye a mugun wuri ba ta fi mai araha ba. Wurin da aka fi cutar da ita shi ne cikin kabad ɗin talabijin, an tura ta can ciki, wani lokaci har da ƙofar gilashi a rufe don tsoron ƙurar hunturu. Ramin kabad yana ƙara wa murya wani kumburi, kamar mai magana a cikin randa. Jawo ta gaba har fuskarta ta zo daidai bakin katakon ko ta ɗan zarce, don kada sauti ya fara dukan saman kabad kafin ya iso kunne. In tana da rami a bayanta na fitar iska, a bar mata sarari tsakaninta da bango. In dole sai a cikin kabad za ta zauna, to tun a shago ka zaɓi marar rami ko mai rami a gaba.

Tsayinta ya kusanci tsayin kunnen wanda yake zaune, kuma kada ta yi nisa da tsayin tiwitocin hagu da dama. Da yake allo ya riga ya tare wannan wuri, yawanci takan koma ƙasa. Sai a ɗan ɗaga gabanta da roba ko wani abu mai taushi har ta kalli fuskar masu kallo maimakon gwiwoyinsu. Teburin gilashi a tsakiyar falo, da tayil, da bangon siminti tsirara, duk suna dawo da sauti su cakuɗa magana. Kafet tsakanin talabijin da kujera, da labule mai kauri, sukan yi aikin da sabuwar sifika ba za ta yi ba.

Saiti, da gwaji kafin biya

Amfilifayoyin zamani suna zuwa da 'yar makirfo ta awo. Denon da Marantz suna amfani da tsarin awo mai suna Audyssey, Yamaha tana da YPAO, Pioneer tana da MCACC. Ka ajiye makirfon a inda kanka yake kasancewa in kana zaune, ka kashe fanka, ka bar na'urar ta auna nisa da ƙarfin kowace sifika. Bayan ta gama ka shiga ka duba abu biyu. Ka tabbata an sa ta tsakiya a "Small" komai girmanta, a yanke kaurinta a 80 Hz kamar yadda ƙa'idar THX ta tanada, sauran a bar wa sabwufa. Sannan in har yanzu magana na nutsewa, ka ƙara wa layin tsakiya desibel biyu ko uku. Ba laifi ba ne, gidanka ba sinima ba ne. Da dare kuma akwai saitin da ke matse tazarar da ke tsakanin raɗa da fashewar bam, wanda shi ne ainihin maganin rimot da ba ya barin hannu. Wani fim ɗin kuwa tun asali haka aka haɗa shi, magana a nutse. Tenet na Christopher Nolan, wanda ya fito a 2020, ko a manyan sinimomi mutane sun yi ta ƙorafin ba sa jin magana.

In za ka saya, kada ka yarda a gwada maka da waƙa. Mai shago zai sa kiɗa mai duka ya ƙure murya, kuma kowace sifika jaruma ce a wannan fage. Tafi da abin da ka san muryarsa: labaran rediyo, ko wa'azin malamin da ka saba ji, ko wani fim mai yawan hira. A rage murya zuwa yadda ake ji a gida bayan sallar isha. Ka saurara daga gabanta, sannan ka taka zuwa gefe taku biyu ko uku, ka durƙusa daidai tsayinta. In muryar ta sauya ta koma kamar an rufe bakin mai maganar da tafin hannu, ka san abin da mai zama a kujerar gefe zai riƙa ji kullum. In ta tsaya yadda take, ka fara ciniki.

Mun yanke wa sifikar tsakiya kauri a 80 Hz mun ce sabwufa za ta karɓi sauran. Ita kuma tata rigimar daban ce, domin a ɗaki guda tana iya girgiza kujera ɗaya ta bar ta kusa da ita shiru. Babi na gaba zai duba girman da ya dace da ɗakinka, da yadda ake nemo mata wurin zama.